Yadda ake lulluɓe ƙasar lambun gida: abin da za a zaɓa da yadda za a shimfiɗa shi

Duk wanda ya taɓa ba furanni ruwa da safe, ya dawo da rana tsaka ya tarar ƙasar ta bushe ƙayau har ta yi ɓawo, ya san asarar da ke cikin barin ƙasa tsirara. Rana da iska suna zuƙe danshinta, ruwan sama mai ƙarfi yana dandaɓe samanta, irin ciyawa kuma yana samun hasken da zai tsiro. Maganin waɗannan duka shi ne a shimfiɗa wani abu a kanta, kamar ɓawon itace ko busasshen ganye, a rufe ta ruf. Wannan shi ne lulluɓin ƙasa. Aikin ba shi da wuya, amma yawancin shukar da lulluɓi ya kashe, kaurin shimfiɗar ne ya kashe ta, ko matsa shi da aka yi a jikin gindinta.

Wanne za a zaɓa

A gindin bishiyoyi da kewayen furannin da ke shekara da shekaru a wuri ɗaya, babu kamar ɓawon itace da gutsattsarin reshe. Suna da nauyi, iska ba ta kwashe su, ruwa yana ratsa su, kuma sukan yi shekara ɗaya zuwa biyu kafin su ruɓe. A komin da ake juya ƙasarsa duk bayan 'yan watanni kuwa, an fi son abin da ke saurin ruɓewa: tattaka, busasshen ganye da aka daddatsa, ko takin da ya gama ruɓewa. In lokacin sabon shuka ya zo sai a haɗe su da ƙasar.

Ciyawar da aka yanka a fili ita ma tana yi, da sharaɗi biyu. A shanya ta kwana biyu ko uku tukuna, don ɗanya manne wa juna take yi ta zama santsi mai wari. Kada kuma a taɓa wadda aka fesa wa maganin kashe ciyawa ko wadda ta riga ta fid da iri.

Garin katako yana son kulawa. Ƙananan halittun da ke ruɓar da shi suna jan sinadarin naitirojin daga ƙasa, shi ne kuma sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. In a sama kawai yake kwance, jan bai wuce fatar ƙasa ba, manyan shuke-shuke ba sa ma ji. In aka cakuɗa shi da ƙasar, nan ne za a ga ganye yana komawa rawaya. Katakon da aka yi wa fenti ko maganin ƙwari kuwa, kada garinsa ya shigo lambu sam.

Tsakuwa tana da kyan gani kuma ba ta ruɓewa, sai dai ba ta ƙara wa ƙasa komai, tana kuma tara zafin rana ta mayar wa saiwa. A bar ta ga hanyoyin cikin lambu da shuke-shuke masu jure fari. Baƙar leda tana hana ciyawa, amma tana hana ruwa da iska shiga, don haka ba ta dace da gindin bishiya ba.

Lissafin yawan da ake bukata

A auna tsawon wurin da faɗinsa da mita, a ninka su, sannan a ninka da kaurin da ake so a santimita, a sake ninkawa da 10, sai a sami yawan litar da ake bukata. Murabba'in mita 1 a kaurin santimita 5 yana cin lita 50. Komi mai tsawon mita 4 da faɗin mita 1.5 murabba'in mita 6 ke nan. In ana son kaurin santimita 7, zai ci lita 420, wato baro 6 idan baron yana ɗaukar lita 70. A ɗan ƙara a kan lissafin, don shimfiɗar tana kwantawa bayan ta sha ruwa.

Kaurin ya danganta da laushin abin. Mai gari-gari, kamar taki da garin katako da yankakkiyar ciyawa, santimita 2 zuwa 5 ya isa. Ɓawon itace da gutsattsarin reshe, santimita 5 zuwa 10. Tattaka tana iya kai santimita 10 ko fiye kaɗan saboda sakwa-sakwa take. In ya gaza haka haske zai ratsa ciyawa ta tsiro. In ya wuce, yayyafi ba zai kai ƙasa ba, saiwa kuma ta rasa iska. A ƙasar laka mai riƙe ruwa a tsaya a mafi ƙarancin kaurin.

Shimfiɗawa

Da farko a cire ciyawa da saiwarta. Lulluɓi yana hana irin ciyawa tsirowa, amma mai yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ɓullowa za ta yi ta cikinsa. In ta yi wa wurin yawa, a shimfiɗa kwali mara leda a jiki bayan an cire, gefen kowane ya hau kan ɗan'uwansa da kamar santimita 15, a jiƙa shi sosai, sannan lulluɓin ya hau.

Na biyu, a sassauta saman ƙasar da fartanya in ta yi tauri. Mai son zuba taki, yanzu ne lokacinsa.

Na uku, a ba ƙasar ruwa har ya nutse kamar santimita 15. Wannan matakin aka fi tsallakewa, ga shi kuwa lulluɓi danshin da ya tarar shi yake tsarewa. In aka rufe busasshiyar ƙasa, ta daɗe a bushe.

Sai a zuba lulluɓin tsibi-tsibi, a baje da manjagara, a kusa da shuka kuma a baje da hannu. A soka sanda a wurare uku ko huɗu a auna kaurin, don ido yana yaudara.

Yanzu ga wurin da ya fi muhimmanci. Kada lulluɓi ya taɓa jikin shuka. A bar tazarar santimita 5 zuwa 8 a kewayen ƙaramar shuka, santimita 10 zuwa 15 a kewayen bishiya, ta yadda za a riƙa ganin inda gindin ya buɗe ya shiga ƙasa. Sau da yawa za a ga an tula ɓawon itace a jikin bishiya kamar suri, ana ganin gata aka yi mata. In aka tone tulin bayan shekara guda, za a tarar ɓawon bishiyar ya jiƙe ya yi baƙi, yana saɓulewa in an taɓa da farce, ƙananan saiwoyi kuma sun fito cikin tulin suna naɗe gindin. Ta nan ruɓa da ƙwari suke shiga, bishiyar ta yi ta ramewa a hankali ba a gane dalili ba. Siffar da ake so ita ce ta gammo: rami a tsakiya, kauri a gefe, faɗinsa ya kai aƙalla mita 1 daga gindin, in da hali har inda inuwar rassa ta tsaya.

Inda aka shuka iri, a jira ya tsiro ya kai tsawon santimita 10 kafin a lulluɓe. A ƙarshe a yayyafa ruwa a kan shimfiɗar don ta kwanta.

In an ga matsala

Lulluɓin da aka tara tudu babba ya daɗe babu iska yakan yi tsami, ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai ko wani wari mai hawa kai. In aka shimfiɗa shi a haka, cikin kwana ɗaya ko biyu ganyen ƙananan shuke-shuke zai ƙone. A baje shi a fili ya sha iska kwana 3 zuwa 4, ana juyawa, har sai ya koma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Wani lokaci saman shimfiɗar yakan haɗe ya zama faifai, ruwa ya riƙa gangarewa gefe. A farfasa shi da manjagara. Farin zare-zare da naman kaza da ke fitowa a ciki ba cuta ba ne, alamar ruɓewa ce, sai dai a tsince su in akwai yara ƙanana. Inda ake fama da gara, a bar fili tsirara na kamar santimita 30 tsakanin lulluɓin itace da bangon gida, ko a sa tsakuwa a wannan tsirin. Busasshiyar tattaka kuma a nesanta ta da duk inda ake hura wuta.

Bayan an lulluɓe, a rage yawan ban ruwa. Kafin a ba da, a ture lulluɓin gefe a tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi a gaɓa ta biyu a bari sai gobe. Sau ɗaya a shekara a sake auna kaurin, a ƙara abin da ya ragu kawai: in santimita 4 ya saura kuma 7 ake so, 3 za a zuba.