Idan ka ga kuɗin cizo a gidan haya, kada ka yi shiru

Ɗan'uwa, kafin ka sa hannu a takardar haya a Ingila ko Amurka, duba inda aka rubuta "pests" ko "vermin". Ba ƙwari kaɗai suke nufi ba. Ɓera, kyankyaso, kuɗin cizo, wani lokaci har tattabarun da ke ɓata rufi, duk suna ciki. A nan ake yawan bayyana wanda zai biya kuɗin feshi, kai ko mai gida. A hira kuwa, yaro mai naci ana ce masa "pest" cikin wasa, amma ka kiyayi kiran mutum "vermin", zagi ne mai muni ƙwarai.

Wanda ya fi wahalar da sababbin zuwa shi ne kuɗin cizo. Ranar da aka ba ka makulli, ɗaga katifa ka haska ɗinkinta da fitilar waya. Ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar na biro, ko tabon jini a zanen gado, alama ce. Ka ɗauki hoto, ka aika wa mai gida a rubuce a ranar, don kada gobe a ce kai ka kawo su. Katifa ko kujerar da aka ajiye a bakin titi, komai kyanta, ka wuce ta.

Abin da ke damuna shi ne kunya. Mutanenmu kan ɓoye, suna tsoron a ce ƙazamai ne, alhali wannan ƙwaro ba ruwansa da tsafta, jini yake bi. A 2023 ya addabi birnin Paris har maganar ta kai majalisa. Yana iya yin watanni bai ci komai ba, don haka barin ɗaki na mako biyu ba ya kashe shi. Zafi ne maganinsa: wanke tufafi da zannuwa a digiri 60 na ma'aunin Celsius, ka busar da su a inji mai zafi.

Don Allah kada ka nemo guba mai ƙarfi ka sa da kanka. Gidajen nan a rufe suke ruf, hayaƙin kan ratsa zuwa maƙwabta. A 2021 wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu a Landan bayan maƙwabciyarsu ta yi amfani da irin wannan guba. Idan mai gida ya yi kunnen uwar shegu, kai ƙara sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukumarku, su za su matsa masa ya turo masu feshi.