Darasi Na Bakwai: Ƙarshen Kaka a Birnin Kano

A Kano ruwan sama yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Idan Nuwamba ya kama, an gama da gero, ana yankan dawa, ana roron wake, motoci kuma suna ta sauke sabon hatsi a kasuwar Dawanau. Wannan shi ne ƙarshen kaka, bakin shigowar hunturu.

Iska ce take juya garin. Da damina daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku, ɗauke da danshi. Yanzu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, daga hamadar Sahara, a bushe ƙayau. Da yawan ƙurar da take kwasowa daga wani kwari ne da ake kira Bodele a arewacin Chadi, inda tafki ya ƙafe tun zamanin da. Ita ce hazon da muke gani. Ranar da ya yi kauri, wanda ya hau Dala da ƙyar yake hango Goron Dutse, jirage ma sukan yi jinkirin sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Hukumar NiMet mai hasashen yanayi a Najeriya takan yi gargaɗi a kan irin waɗannan ranaku, don haka a riƙa sauraron rediyo.

A watan Nuwamba zafin rana a Kano yakan kai kimanin digiri 33, da asuba kuma ya sauko wajen 16. Babu gajimaren da zai tare zafin da ƙasa ta sha da rana, shi ya sa dare ke sanyi. Mai adaidaita sahu zai fito da rigar sanyi da hular kunne, kafin hantsi ya dubi ludayi ya tuɓe su ya cusa a ƙarƙashin kujera. Ɗari na gaske sai Disamba da Janairu. Mai dabara tun yanzu yake zuwa Ƙofar Wambai ya saya wa yara rigunan sanyi, kafin kowa ya ruga kuɗinsu ya hau.

Jiki shi ne yake fara shaida bushewar iska: leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, mura da tari su yawaita. A shafa man kaɗanya da zarar an fito daga wanka, tun fata ba ta bushe ba. A sha ruwa ko ba a jin ƙishi. Mai asma ya sa takunkumi ranar hazo, ya riƙe maganinsa a aljihu. Idan yaro ya yi haɓo, kada a ɗaga kansa sama kamar yadda aka saba. A zaunar da shi, ya ɗan sunkuya gaba, a matse masa hanci na minti 10.

Sai maganar wuta, wadda ta fi duka haɗari. Komai ya bushe, ga iska, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye gida. Uwargida ta jona hita a bokiti don ruwan wanka, aka ɗauke wuta, ta manta ta tafi unguwa. Wuta ta dawo, ruwa ya ƙone, roba ta kama. Saboda haka duk lokacin da aka ɗauke wuta, a cire komai daga soket. Kaskon garwashi kuma kada a kwana da shi a ɗaki a rufe. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mutum yana cikin barci. A ji ɗumi, a fitar da kaskon tsakar gida, a kashe shi da ruwa kafin a kwanta.

Aiki

Ku rubuta lambobin nan a littafinku: 33 da 16. Ku cire 16 daga 33. Digiri nawa ne tsakanin rana da asuba?

Ku rubuta jimla biyu a kan abin da za ku duba a gidanku yau da dare kafin ku kwanta.