Juya kwalbar ki karanta kafin ki shafa

Wata huɗu na yi ina shafa wani haɗin mai da aka ba ni a roba marar rubutu. A makon farko fuskata ta yi fes, ƙuraje suka kwanta. Kafin wata na huɗu ya fita, siraran jijiyoyi sun fito jajur a kumatuna, nankarwa ta tsaga min damtse, kuma ko rana kaɗan na shiga sai fuskar ta ɗau zafi kamar an watsa mata ruwan zafi. Likitar fata tana ganina ta ce akwai sitiroid mai ƙarfi a haɗin, wato wani maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Sai da na shekara ina jinyar fatar. Abin da na koya daga wannan wahalar shi zan faɗa miki, 'yar'uwa, don ba na so ki bi inda na bi.

Abu na farko, duk man da ba shi da jerin sinadarai, sunan kamfani da ranar lalacewa, ki ajiye shi komai kyan ƙamshinsa. Wanda yake da su kuwa, ki bar gabansa inda ake zuba alkawura, ki juya bayansa. A ƙa'ida ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Idan an cika baki da man kaɗanya a gaba, amma sunansa ya zo can ƙarshe bayan turare, to ɗigo ne kawai aka saka.

Sunaye uku ne nake fara nema, kuma zan rubuta miki su yadda za ki gan su a jikin kwalba.

Zaiba ita ce mafi muni. Tana zuwa da sunan Mercury, Calomel ko Mercurous chloride. Tana hana fata yin launinta, amma ba a fatar take tsayawa ba, jini take shiga ta taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, ta kawo rawar hannu da mantuwa. Mai ciki tana kai wa ɗan tayinta, mai shayarwa tana ba jaririnta a nono, har tawul da zanen gado suna ɗaukarta su kai wa sauran mutanen gida. Yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Minamata ta 2013, wadda ta samo suna daga garin Japan da gubar zaiba ta yi wa ɓarna, ta taƙaita ta a kayan kwalliya zuwa kashi 1 cikin miliyan, sannan a 2023 ƙasashen suka amince a daina saka ta kwata-kwata daga 2025. Masu saka ta a ɓoye ba sa rubutawa, shi ya sa na ce ki guji marar rubutu da mai alkawarin haske a kwana bakwai.

Na biyu Hydroquinone. Magani ne na gaske, likita kan bayar da shi na 'yan watanni don tabo, amma Tarayyar Turai ta cire shi daga man shafawa tun 2001, Amurka kuma ta daina bari a saye shi ba da takardar likita ba a 2020. Idan aka daɗe ana shafa shi, sai ya juya: baƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito a kumatu da goshi, mai wuyar gogewa.

Na uku shi ne wanda ya cuce ni, Clobetasol ko Betamethasone. Yana sirantar da fata, ya buɗe ƙofa ga makero da ƙyasbi, idan ya yi yawa a jiki har hawan jini da ciwon suga yana jawowa. Idan kin daɗe a kansa, kada ki yanke shi dare ɗaya, fuskar za ta yi ja ta ɓarke da ƙuraje. Ki je wurin likita ya rage miki a hankali.

Akwai kuma waɗanda ba guba ba ne ga kowa, amma suna tayar wa wasu da ƙaiƙayi: turare, wanda ake rubuta Parfum, da Methylisothiazolinone, da PPD na cikin rinin gashi da baƙin lalle. Paraben da ake ta tsoro kuwa, ni ban sa shi a sahu ɗaya da zaiba ba. Turai ta hana iri 5 a 2014, ta bar wasu bisa ƙayyadadden adadi, kuma aikinsa hana mai ruɓewa ne.

Da na warke sai na koma kayan da ba a sarrafa ba, a can ma na yi tuntuɓe. Na matsa lemun tsami a tabo na fita rana, wurin ya ƙone ya bar tabon da ya fi na da duhu. Tsaminsa ya fi ƙarfin fata nesa ba kusa ba, kuma akwai wani sinadari a cikinsa da ke ƙuna idan ya haɗu da rana. Haka bakar hoda ta girki, man goge baki da ɗanyar tafarnuwa, duk ba na fuska ba ne.

Abin da ya zauna min lafiya kaɗan ne. Man kaɗanya zalla, ɗan kamar ƙwayar wake, in murza a tafin hannu ya narke, in shafa bayan wanka tun jiki da sauran laima, don ruwan nan yake kullewa a fata. Bazilin marar turare a leɓe da tsagewar diddige. Man kwakwa a ƙafa da hannu kawai, a fuska yana toshe wa mutane da yawa ƙofofin fata. Sai man kare rana mai lamba 30 zuwa sama kowace safiya, wanda shi ne ya fi komai dusar min da tabo. Idan za ki haɗa wani abu da kanki kuma akwai ruwa a ciki, ki yi na kwana biyu ko uku ki sa a firji, don ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a ciki tun kafin ya fara wari.

Kowane sabon mai, na kamfani ko na gida, ki gwada shi a lanƙwasar gwiwar hannu, wuri kamar faɗin babban yatsa, safe da dare har kwana 7 zuwa 10. In ya yi ja, ƙaiƙayi ko kumburi, ki wanke ki bar shi. Ki riƙa ƙara abu ɗaya a lokaci guda don ki gane mai laifin. Ranar da kika buɗe kwalba, ki duba ɗan hoton buɗaɗɗen gwangwani mai rubutun 6M ko 12M, wato watannin da zai yi bayan buɗewa, ki rubuta kwanan watan a gindinta da biro.