Kafin ka kai sabon tsabar kuɗinka zaure

Duk daren Alhamis mu masu tara tsofaffin tsabar kuɗi mukan haɗu a gidan wani dattijonmu a nan Jidda, kowa ya fito da abin da ya samo a makon. Na daɗe ina ganin yara masu tasowa suna zuwa da abu mai kyau amma sun riga sun lalata shi, shi ya sa zan faɗi yadda nake yi.

Abu na farko, don Allah kada ka wanke. Ni da kaina na dirje liyarin kakata, wato tsohon kuɗin azurfa, da lemon tsami da toka don ya yi ƙyalli. Da na miƙa wa dattijon, ya juya shi sau biyu a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, ka goge masa shekarunsa." Har yau abin na ci mini rai. Wannan duhun da azurfa ke yi shi ne shaidar tsufanta. Ka riƙe ta gefe da yatsu biyu, ka shimfiɗa ƙyalle a ƙasa saboda faɗuwa.

Sai karanta shekara, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Kuɗin Saudiyya shekarar Hijira ke jikinsu. Ka ninka ta da 0.97, ka ƙara 622: riyal ɗin azurfa na 1354 zai ba ka 1935, zamanin Sarki Abdul'aziz ke nan. Amma kuɗin Daular Usmaniyya ta Turkiyya da suka yi yawo a Hijaz daban suke. In ka ga 1293, shekarar hawan Sultan Abdulhamid na biyu ce, ba shekarar bugu ba. Akwai wata 'yar lamba a ɗaya fuskar mai nuna shekara ta nawa ce a mulkinsa. Haka kuɗin Sharif Husaini na Makka masu 1334. Shi kuwa liyari, wanda Larabawa ke ce wa riyal Faransi alhali na Ostiriya ne, kusan kowanne 1780 za ka gani, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara bayan mutuwar Mariya Tariza, sarauniyar da hotonta ke jikinsa. Kada mai shago a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ya tsuga maka kuɗi da sunan ya haura shekara 200.

Daga nan sai awo. Ka nemi ƙaramin sikeli irin na masu zinariya. Liyari na gaskiya giram 28 ne, riyal ɗin 1354 kuma kusan 11.7. In ya sha hannu zai ɗan ragu kaɗan, amma in giɓin ya kai giram guda, ka yi hattara. Kara masa maganaɗisu; azurfa ba ta mannewa. Wasu na buga shi a ƙasa su ji amo, ni ban yarda da haka ba, yana ɓantare baki.

Ajiya ba wuya: ƙaramar ambulan ta takarda, kowanne da tasa. Leda mai laushi na sa shi kore, ga kuma laimar Jidda.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne rubutun bayan ambulan. Rubuta ranar da ka samu, a ina, nawa, daga hannun wa. A makon jiya wani ƙanenmu ya kawo anini da kwabo masu huji a tsakiya, irin na Afirka ta Yamma zamanin Turawa, a zarge cikin tsohon zare. A kasuwa ba su da wani tsada. Amma kakansa ne ya taho da su a ƙasa, ta Fort Lami (N'Djamena ta yau) da El Obeid har Sawakin a gaɓar tekun Sudan, kafin ya hau jirgin ruwa. Muka hana shi tsinke zaren. Na ce ya koma wurin gwaggonsa a Makka tun tana da ƙarfi, ya tambaye ta shekarar da suka baro gida da sunayen zangon da suka yada, ya rubuta, sannan ya sake kawo mana su ran Alhamis.