Tankin kifin teku a Katsina: kurakuran da aka fi yi wajen haɗa tankin ƙasa da dutse mai rai

Wanda ya saba kiwon tarwaɗa a kwami, ko yake da ƴan jajayen kifayen ado a falo, yakan ɗauka tankin kifin teku ma haka yake, gishiri kawai za a ƙara. Daga nan asara take farawa. Kifin teku ya taso ne cikin ruwan da gishirinsa da ɗuminsa ba sa sauyawa sai kaɗan. Mu kuwa a Katsina tsakaninmu da teku ya fi kilomita 1000 a hanyar mota, ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga wutar lantarki yau akwai gobe babu. Abu biyu ne ke riƙe da ran irin wannan tanki: ƙaramin tankin da ake ɓoyewa a ƙasa cikin kabad, wanda masu harkar ke kira samf, da duwatsu masu rai na murjani, wato halittar teku mai gina ƙashi kamar dutse, da ake jerawa a cikin babban. In waɗannan biyun suka samu matsala, duk kyan kifin da ka sayo ba zai kai labari ba.

Ranar da aka ɗauke wuta

Aikin samf ba shi da wuyar fahimta. Ruwa yana malala daga babban tanki ta bakin magudana, kamar yadda ruwan sama ke bin indararo, ya sauka ƙasa, ya ratsa matata da injin kumfa, wato na'urar da ke cakuɗa iska da ruwa don kumfa ta kwashe datti, sannan famfo ya sake tura shi sama. Saukarsa ba ta buƙatar wuta, hawansa ne ke buƙata. A nan babban kuskure yake: mutum ya cika samf ɗinsa taf saboda yana son ruwa da yawa. Ana ɗauke wuta famfo ya tsaya, amma ruwan sama bai daina sauka ba, har bututun da ke kai ruwa sama ya juya ya koma zuƙo shi ƙasa. Sai a wayi gari kafet ya jiƙe da ruwan gishiri.

Ka yi lissafin da kanka. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, yana cin lita 300. Kowane santimita ɗaya da ruwansa ya ja ƙasa, lita 6 ke nan ta gangara. In bakin bututun mayar da ruwa ya nutse santimita 3 kawai, lita 18 za ta sauka. In ka nutsar da shi santimita 10 don kada a ji ƙarar ruwa, lita 60 ce ke tafe. Gyaran shi ne ka bar bakin bututun dab da saman ruwa, ka huda masa ƙaramin rami kaɗan ƙasa da layin ruwa don iska ta shiga ta katse zuƙon, kana kuma sakace ramin lokaci-lokaci domin gishiri da gansakuka na toshe shi. Ka bar sarari a samf, kada ruwansa ya wuce rabi ko kashi biyu cikin uku idan famfo na aiki. Ban yarda a dogara da bawul ɗin da ke hana ruwa komawa baya ba. Ɗan ƙaramin katantanwa ko ƙwayar yashi ta isa ta hana shi rufewa.

Kafin ka zuba gishiri ko cokali ɗaya, cika komai da ruwan famfo don gwaji kawai, kunna, sannan ka zare soket ka tsaya kana kallo har ruwa ya daina motsi. Inda ya tsaya a samf, sa alama. Mayar da soket ka ga ko komai ya tashi da kansa. Wannan gwajin na biyu ma yana da muhimmanci, saboda akwai irin magudanar da ake ratayawa a bayan tanki mai aiki da lanƙwasasshen bututu: in iska ta shige shi lokacin da babu wuta, to da wuta ta dawo famfo zai yi ta tura ruwa sama, babu hanyar sauka, babban tankin ya tumbatsa. A garin da wuta ke ɗaukewa kullum, tankin da aka huda gilashinsa shi ya fi, da bututun sauka biyu, ɗaya na aiki, ɗaya a ɗan sama yana jiran ko-ta-kwana. Sai dai ka tambayi mai yankan gilashi tukuna, domin gilashin da aka gasa don ya yi ƙarfi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi.

Famfo kuma ba girmansa ake nema ba. Ya isa ya juya ruwan tankin sau 3 zuwa 5 a awa, wato lita 900 zuwa 1500 ga tankin lita 300, kana tuna cewa ƙarfin da aka rubuta a kwali yana raguwa idan zai hau da ruwa mita ɗaya da wani abu. In ya yi ƙarfi da yawa, ka rage shi ta bakin fitarsa, kada ka shaƙe bututun sauka in guda ɗaya ne gare ka. Motsin ruwa a cikin babban tanki aikin ƙananan famfunan igiyar ruwa ne, kuma su ya kamata ka fara ɗorawa a kan inbata ko sola, tun da wutar da suke ci ba ta da yawa. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, in ya yi ɗumi kuma abin ya ƙara raguwa. Tanki mai kifi in ya tsaya cik na wasu awoyi a daren Afrilu, iska ce za ta fara ƙare musu. Ko ƙaramin injin iska mai batir ka ajiye kusa.

Ka gaya wa mai haɗa maka bututu tun farko: roba zalla. Kada ya sa ko da kan famfo ɗaya na tagulla, domin jan ƙarfe guba ne ga jatan lande, katantanwa da murjani. Silikon ɗin banɗaki mai maganin fumfuna shi ma haka. Teburin kuwa, tankin lita 300 da duwatsunsa da samf sun haura kilo 400, ba aikin katakon kwalliya ba ne.

Ruwa da gishiri

Gishirin miya ba ya yi, ko na buhu ko na leda. Gishirin da ake haɗawa musamman don tankin teku yana ɗauke da kalsiyam, maganiziyam da sinadaran da ke riƙe ruwan kada ya yi tsami. Ana son gram 35 na gishiri a kowace lita, abin da ma'auni ke nunawa 1.025 zuwa 1.026. Ka sayi rifiraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, ka riƙa saita shi, ka haɗa ruwan a duron roba mai tsabta ya kwana yana juyawa kafin ya shiga tanki. Gishiri ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa ake zubawa kan gishiri ba.

Ruwan kansa fa? Na famfo yana iya zuwa da kulorin, na burtsatse da na ƴan ga-ruwa ba ka san abin da suka kwaso daga ƙasa ba, fiya wata kuma kowane kamfani da irin tacewarsa. Abin da mutum zai sha lafiya lau yana iya zama takin gansakuka a tanki. Ƙaramar na'urar tace ruwa ta RO mai haɗe da matatar DI, masu cire kusan duk abin da ya narke a ruwa, ita ce mafita, da ɗan ma'aunin da ke nuna narkakkun abubuwa; sifili ake so ya nuna, ko dab da shi.

Dutsen da ba a bari ya warke ba

Dutse mai rai ba dutsen ne ke da rai ba. Ƙashin tsohon murjani ne, mai ramuka birjik kamar soso, wanda bakteriya da ƙananan halittu suka mayar gida. Na saman dutsen, inda iska ke isa, su ke juya amoniya, gubar da kifi ke fitarwa, ta koma naitirayit, shi ma guba, sannan naitiret mai sauƙin illa. Na can cikin ramuka, inda iska ta yi ƙaranci, suna iya juya wani ɓangare na naitiret ɗin ya fice a matsayin iska. Shi ya sa masu wannan harka a birnin Balin na Jamus, tun shekarun 1970, suka gina tsarinsu kan dutse mai rai da injin kumfa, kuma har yau a kansa mafi yawan tankuna suke tafiya. Dutsen shi ne ainihin matatar, samf mataimaki ne.

Wannan ne dalilin da ya sa tsintar dutse a bayan gari ba ya maye gurbinsa. Falalen dutse irin namu a dunƙule yake, babu ramukan da bakteriya za su zauna. Jar marmara kuwa cike take da ƙarfe.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne a buɗe kwali a tsunduma dutsen kai tsaye cikin tanki. Ka tuna tafiyar da ya sha. An naɗe shi da jiƙaƙƙiyar takarda a Legas, ya hau mota ko jirgi, wataƙila ya yada zango a Kano, ya iso da zafin hanya a jikinsa. Da yawa daga abin da ke manne da shi ya riga ya mutu. Shinshina shi. In ka ji ƙamshin ruwa da ƙasa, da sauƙi. In warin ruɓaɓɓen ƙwai ya buge ka, ka ga wasu wurare sun yi fari ko baƙi suna yauƙi, to wannan mushe ne, kuma amoniya zai zuba maka. Samo duron roba, cika shi da ruwan gishiri daidai awo, sa famfo ya riƙa motsa ruwan, ajiye shi a inuwa cikin duhu. Goge matattun wuraren da buroshin haƙori, kana sauya wani kaso na ruwan duk bayan ƴan kwanaki. Mako 2 zuwa 4 yakan ɗauka, kuma awo ne zai gaya maka ya warke: amoniya da naitirayit su koma sifili, wari ya tafi. Kada ka wanke shi da ruwan famfo, kada ka shanya shi a rana, ka kashe abin da ka biya kuɗi dominsa.

Zaman duron nan yana da wani amfanin. Da daddare ka haska tocila a ciki. A lokacin ne baƙin da suka biyo dutsen ke fitowa: ƙaguwa mai gashi, jatan lande mai farauta, da wata ƙaramar halitta mai ruwan ƙasa da yatsu sirara da ake kira Aiptasia, wadda in ta samu wuri sai ta mamaye tanki tana harbin murjani. Cire su a duro ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ni a ganina, ga mutumin Katsina ko Daura, busasshen dutsen murjani ko wanda aka ƙera ya fi dacewa, a haɗa da ɗan ƙaramin dutse mai rai ko bakteriyar kwalba a matsayin iri. Yana jure hanya, ba ya zuwa da baƙi, ga shi ba a fasa gidan halittun teku dominsa ba. Cinikin murjani mai ƙashi ma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai tsara cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, wadda Najeriya ke cikinta. Illarsa kawai jinkiri, sai ka ƙara masa haƙuri.

Wajen jerawa, tsohon awo shi ne kilo 1 ga kowace lita 8 zuwa 10, amma dutse mara nauyi mai ramuka ya fi mai nauyi aiki, don haka ba sai ka cika tanki ba. Dutse ake fara zaunarwa a kan gilashi sannan a zuba yashi. In ka ɗora shi kan yashi, kifi mai tono zai rarake ƙasansa ya rufto. Kada ka jingina shi da bango kamar an yi gini. Bar wurin da hannunka zai shiga, bar ƙofofi ruwa ya ratsa, domin duk lungun da ruwa bai motsa ba nan datti ke kwanciya.

Gaggawar zuba kifi

Ruwa ya yi garau a kwana na uku, yara suna ta tambayar ina kifin. Hasken ruwa ba shaida ba ne. Bakteriya na buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su ɗauki nauyi. Ciyar da su da ɗigon amoniya ko ɗan abincin kifi, kana awo. Ranar da ka sa amoniya ta kai awo 2 cikin miliyan, bayan awa 24 ka tarar ita da naitirayit duk sun ɓace, tankin ya shirya. Fara da kifi ɗaya ko biyu, ka ba da makonni kafin ƙari. Ƙurar nan mai ruwan ƙasa da ke rufe dutse da yashi a makonnin farko ba cuta ba ce, takan wuce da kanta, kada ka kwashe duwatsu ka wanke. Safar tace datti da soso kuwa, duk kwana 2 ko 3 a cire a wanke, in ba haka ba dattin da suka kama zai ruɓe a cikin ruwan.

Zafi, hunturu da maganin sauro

Ana son ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 26, kuma tsayuwarsa wuri ɗaya ta fi komai. A bazara fanka mai hura saman samf tana sauke zafi kaɗan. In bai isa ba sai na'urar sanyaya ɗaki ko ta sanyaya ruwa. Jefa ƙanƙara tsirara kuskure ne, sai dai cikin gora a rufe idan ta ɓaci. A Disamba da Janairu hita za ka nema, saboda sanyin asuba.

Busasshiyar iskar hunturu tana shanye ruwa sosai, kuma ruwa kaɗai ke tashi, gishiri yana nan. Wanda ya cike gurbin da ruwan gishiri, ƙara wa tankinsa gishiri yake yi kullum bai sani ba. Tataccen ruwa zalla ake ƙarawa, kaɗan-kaɗan kowace rana. Raguwar ba ta nunawa a babban tanki, a ɓangaren samf da famfo yake zaune take bayyana, don haka nan za ka ja layi da alƙalami kana duba shi safe da yamma, kada famfo ya sha iska ya ƙone.

Sai abin da ke faruwa a gidajenmu da magariba. Injin kumfa iskar ɗaki yake zuƙa ya cakuɗa da ruwa. In aka fesa maganin sauro ko fiya-fiya, aka kunna na hayaƙi, ko uwargida ta turara falo da turaren wuta, duk cikin ruwan yake tafiya, kuma jatan lande ne ke fara mutuwa. Ka yi magana da mutanen gida tun kafin tanki ya shigo: a ɗakin da yake, raga a taga da gidan sauro, ba feshi. In ya zama dole, kashe injin kumfa, rufe tanki da samf, sai ɗakin ya sha iska sannan ka kunna. Wasu sukan ja bututun iskar injin zuwa waje ta taga, su cusa masa auduga da gawayin tace ruwa a baki saboda ƙura. Dabara ce mai kyau, muddin bakin bututun bai kalli inda janareto yake ba.