Yadda Za Ka Auna Maganar Kwantam da Hayyacin Ɗan Adam da Hannunka

Maganar ta yawaita a wayoyin mutane, daga ɗaliban Naraguta har zuwa masu shago a Terminus a garin Jos: wai kimiyyar kwantam, wato ilimin halayen ƙananan ƙwayoyi irin na zarra da na haske, ta tabbatar da cewa tunanin mutum ne ke juya abin da ke faruwa a duniya, ko kuma wai an gano inda hayyaci yake zaune a cikin ƙwaƙwalwa. A cikin wannan magana akwai bincike na gaske da manyan masana suka yi, akwai hasashen da har yau ba a tabbatar ba, akwai kuma tallar 'yan kasuwa. Ana iya rarrabe su da kayan da ba su fi cikin aljihu ba, da ɗan lissafi.

Da farko ka tsayar da kalma ɗaya. Abin da ake nufi a nan shi ne hayyaci, wato wannan halin da mutum ke ciki yana jin zafi, yana ganin ja, yana sane da kansa, wanda ke gushewa idan likita ya yi masa allurar barci kafin tiyata, ya dawo bayan an gama. Ruhi magana ce ta daban, ta addini, kuma babu na'urar da ke auna shi. Duk wanda ya cakuɗa maka biyun a jimla ɗaya, ka nemi ya raba su kafin ku ci gaba.

Gwajin haske da zaren waya

Mafi yawan masu wannan magana suna kafa hujja da gwajin tsaga biyu, inda haske ke bi ta siraran tsaga biyu ya bar zanen haske da duhu a bango, wanda asalinsa na Thomas Young ne a Ingila a farkon shekarun 1800. Suna cewa haske yana sauya hali idan an kalle shi. Ka yi gwajin da kanka.

Ka nemi tocilan leza ja irin ta nuni a allo, wadda aka rubuta wa 650 a jiki, wato tsawon zangon haskenta nanomita 650 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ƙarfinta kada ya wuce miliwat 5. Ka guji koriya, domin da yawa daga cikinsu sun fi ƙarfin da aka rubuta musu, suna iya lalata ido. Sai kwali, salatif, reza, rula, abin maƙale shanya guda biyu, da sili ɗaya na tagulla da ka zare daga cikin wayar wuta mai laushi, kaurinsa kamar milimita 0.2. Ka yanke taga ta santimita 2 a kwalin, ka miƙar da silin a tsaye ta tsakiyarta, ka manne sama da ƙasa. Ka maƙale maɓallin lezar da abin shanya don ta zauna a kunne, ka ɗora ta a kan littattafai, kwalin yana gabanta da kamar santimita 10, bango kuma yana nesa da mita 3. Ka kashe fitila, ka saki labule. Kada ka bari hasken ya shiga idon kowa, musamman yara, ko da ta madubi ne.

Idan hasken ya daki silin daidai, za ka ga ɗigo mai haske a bango, da layin gutsattsarin haske da duhu a hagu da dama. Ka auna tazarar da ke tsakanin duhu da duhu na kusa da shi. Lissafinta shi ne tsawon zangon hasken sau nisan bango, a raba da kaurin silin: mita 0.00000065 sau 3, a raba da 0.0002, ya ba da kusan santimita 1. Idan ka sa gashin kai mai kaurin milimita 0.07 a madadin silin, tazarar za ta kai kusan santimita 2.8. Abin da ya fi ɓata wannan mataki shi ne gashi mai lanƙwasa da ba a ja shi ya miƙe ba, da teburi mai girgiza, da batirin da ya yi sanyi.

Mataki na biyu shi ne mai muhimmanci, kuma shi ne mai wuya. Kana buƙatar ledar tace haske, wadda ke manne a fuskar gilashin tsohon kalkuleta ko mataccen allon kwamfuta. Masu gyaran kayan lantarki a Ahmadu Bello Way ba sa rasa irinsu a cikin tarkace. Ka ɓare ta a hankali da reza, ka goge gam ɗin da sifirit. Ledar manyan wayoyin zamani ba ta cika yi ba, saboda akan haɗa mata wani shafi da ke murɗa hasken. Ka yanka gida uku. Ka ɗora biyu a kan juna, ka juya ɗaya har sai sun yi baƙi ƙirin: a wannan zaman, kowacce tana barin hasken da ɗayar ke tarewa. Ba tare da ka sauya musu fuska ba, ka yanke gefen kowacce a miƙe, ka jera su gefe da gefe a tagar kwalin, bakinsu na taɓa juna, silin ya rufe mahaɗar.

Yanzu ka haska. Hasken da ya bi ta hagun silin yana ɗauke da alama daban da wanda ya bi ta dama, kuma gutsattsarin da ke fitowa daga haɗuwarsu za su dushe, hasken ya zama shafaffe. Sai ka riƙe leda ta uku tsakanin kwalin da bango, a karkace da digiri 45. Gutsattsarin za su dawo, ko da yake da rauni. Idan ba su dawo ba, yawanci matsalar daga lezar take: haskenta da kansa yana da fuska, don haka sai ka mirgina ta a hankali har ɓangarorin biyu su yi haske daidai wa daida. Matsala ta biyu ita ce giɓi ko hawa-kan-juna a mahaɗar ledojin, ta uku kuma ragowar gam.

Ka lura da abin da ya kashe zanen. Kana kallon bangon a duka lokutan, tunaninka bai sauya ba. Leda ce ta bambanta hanyoyin biyu, leda ce kuma ta share bambancin. Gaskiya ne cewa wannan gwaji na gida ana iya bayyana shi da tsohon ilimin haske kaɗai, tun da biliyoyin ƙwayoyin haske ne ke wucewa a tare. Amma an yi irinsa da ƙwaya ɗaiɗai: a 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a Japan sun harba ilektiron ɗaya bayan ɗaya, zanen ya taru sannu a hankali. A harshen masana fiziks, "kallo" na nufin duk wata mu'amala da ta bar alamar hanyar da ƙwayar ta bi, ko da ƙwayar iska ce ta goge ta. Eugene Wigner, wanda a 1961 ya rubuta cewa hayyaci na da hannu a wannan al'amari, daga baya ya janye ra'ayinsa. Idan wani ya ce maka ai sai da ka duba sakamakon sannan ya tabbata, ka tambaye shi wane gwaji ne zai iya ƙaryata hakan. Idan babu, maganar ta bar fagen kimiyya ta koma falsafa, kuma a can ya kamata a tattauna ta.

Ka tambayi wane ƙarfi ake nufi

Idan an ce tunani na juya abu, ka tambaya da wane ƙarfi. Ƙarfin asali da masana fiziks suka sani huɗu ne. Biyu suna aiki ne a cikin cibiyar ƙwayar zarra kawai, a tazarar da ba ta wuce ɗaya cikin tiriliyan na milimita ba, don haka ba su isa su haɗa ƙwayar jijiya da maƙwabciyarta ba. Saura ƙarfin lantarki da maganaɗisu, da ƙarfin janyowa mai sa abu ya faɗo ƙasa. Duk aikin ƙwaƙwalwa da aka auna, na ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, lantarki ne da sinadarai.

Johnjoe McFadden na Jami'ar Surrey ya gabatar tun 2002 cewa hayyaci shi ne filin lantarki da maganaɗisun da ƙwaƙwalwa ke fitarwa gaba ɗayanta. Filin akwai shi. Tun 1929 Hans Berger ya wallafa awonsa na lantarkin ƙwaƙwalwa ta fatar kai. Ga yadda za ka gwada nauyin maganar: ƙarfin maganaɗisun injin hoton MRI na asibiti yakan kai tesla 1.5, wato ya ninka maganaɗisun ƙwaƙwalwa fiye da sau tiriliyan, amma mara lafiya yana kwance a ciki yana jin maganar ma'aikaci yana amsawa. Masu ra'ayin suna da amsa, cewa filin injin a tsaye yake, mai sauyawa da sauri ne ke motsa jijiya, kuma haka ne: tun 1985 aka nuna a Sheffield cewa bugun maganaɗisu a kai na iya motsa hannun mutum. Sai dai wannan ya nuna cewa jijiya na jin lantarki ne, abin da kowa ya yarda da shi. Bai nuna cewa filin shi ne hayyacin ba.

Lissafin lokaci

Hasashen da ya fi shahara na Roger Penrose ne da Stuart Hameroff, likitan sa barci a Jami'ar Arizona. Penrose ya fara maganar a littafinsa na 1989, suka haɗa hannu a shekarun 1990. Ka kiyaye wani abu: kyautar Nobel da Penrose ya samu a 2020 a kan baƙin ramin sararin samaniya ce, ba ta da alaƙa da hayyaci, duk da ana yawan kawo ta a matsayin hujja.

Ra'ayinsu shi ne cewa a cikin ƙwayar jijiya akwai ƙananan bututu masu faɗin nanomita 25, kuma sinadarin furotin da ya gina su na iya zama a hali biyu lokaci guda, kamar hasken da ya bi hagu da dama. Ƙarfin janyowa ne, in ji Penrose, ke tilasta halin ya zaɓi ɗaya, kuma kowane zaɓi ɗan ƙiftawar hayyaci ne. A tsarinsu na farko ana buƙatar halin ya ɗore kamar milisakan 25, wato sakan 0.025, don ya dace da bugun ƙwaƙwalwa na sau 40 a sakan.

Matsalar ita ce zafi da jiƙa. Hali biyu yana wargajewa da zarar wani abu ya taɓa shi, kamar yadda leda ta yi a gwajinka. Shi ya sa ake sanyaya kwamfutocin kwantam zuwa kusan digiri 0.015 sama da ƙarshen sanyi, wato matakin da babu sanyin da ya wuce shi. Daren hunturu a Jos, lokacin da ruwan randa ke gagarar alwala, ma'auni na nuna digiri 10, wato 283 sama da wannan ƙarshe. Ƙwaƙwalwa tana kan 310, cike da ruwan gishiri mai motsi.

A shekarar 2000 Max Tegmark ya lissafa cewa a cikin bututun halin zai wargaje cikin kusan ɗaya bisa tiriliyan goma na sakan. Ka ɗauki kalkuleta ka raba 0.025 da wannan adadi: za ka samu biliyan 250. Ma'ana, da a ce halin yana rayuwa sakan ɗaya, ƙwaƙwalwa na buƙatarsa na kusan shekara 8,000. A 2002 Hameroff da abokan aikinsa suka mayar da martani, suka ce Tegmark ya yi kuskure a wasu zato, suka kai adadin har ɗaya bisa dubu goma na sakan. Ka sake rabawa: har yanzu akwai giɓin ninki 250. A 2014 Penrose da Hameroff suka sabunta tsarin, suka dogara da girgiza mai sauri sosai a cikin bututun don rage lokacin da ake buƙata. Wannan rabawa ita ce ma'aunin da za ka ɗora wa kowane sabon hasashe: tsawon rayuwar halin nawa ne, kuma nawa aikin ke buƙata?

Abin yabo a ra'ayin Penrose shi ne yana karɓar gwaji. A ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, masu bincike sun nemi ɗan hasken da ya kamata ya fita idan ƙarfin janyowa na rusa hali biyu ta hanyar da Lajos Diósi ya tsara, ba su same shi ba; sakamakon ya fito a 2020, ya kawar da siga mafi sauƙi ta ra'ayin, ya bar wasu. Akwai kuma hasashen Matthew Fisher na 2015, wanda ya koma kan cibiyar ƙwayar fosforas domin ta fi jure hayaniyar jiki. Yana da kyau a bi shi, domin kwantam a jikin mai rai ba tatsuniya ba ce: akwai shaida mai ƙarfi cewa wasu tsuntsaye masu ƙaura na jin maganaɗisun ƙasa ta wani furotin da ke idonsu. Amma ko an tabbatar da irin wannan a ƙwaƙwalwar mutum, zai rage a nuna yadda ya zama jin ɗanɗanon shayi a baki.

Idan maganar ta zo da farashi

Sarƙafewar ƙwayoyi biyu, wato halin da awon ɗaya ke da alaƙa da awon ɗayar komai nisan da ke tsakaninsu, wadda gwaje-gwajenta suka kawo wa Aspect da Clauser da Zeilinger kyautar Nobel a 2022, ba ta aika saƙo daga wuri zuwa wuri, balle daga zuciya zuwa zuciya ko daga sarƙar wuya zuwa hanta. Idan aka kawo na'urar da ake riƙe sandarta a hannu minti ɗaya ta fitar da rahoton ƙoda da suga da jini, ka gwada ta kafin ka biya. Ka sa a auna mutum ɗaya sau biyu, a shigar da shekaru daban a karo na biyu, ka kwatanta takardun. Sannan ka naɗe sandar da jiƙaƙƙen tsumma a sake aunawa. Idan tsumman ya samu sakamakon hanta, na'urar ba jiki take karantawa ba. Sarƙoƙin da ake kira na kwantam kuwa, a Disamba 2021 hukumar kula da kariya daga tururin nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi jama'a kan wasu daga cikinsu, bayan awo ya nuna suna fitar da tururi mai cutarwa, ta ce a daina sa su a jiki. Mai hawan jini ko suga kada ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda sakamakon irin wannan na'ura. Ya kai takardar asibiti a sake auna shi da gwajin jini.