Yadda ake sa Raspberry Pi a kwanson tsohuwar Sega ba tare da ka kashe fanel ba

Yawancin samarin da ke kawo min wannan aikin a Kaduna sai sun riga sun yi ɓarna suke zuwa. Za ka ga Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan mai fanel ɗaya, sabuwa fil, an ciccire mata ramukan USB da ƙarfi, tagullar fanel ta ɗaɗɗago, an kunna ta ƙi tashi. Kusan duk a mataki ɗaya suke faɗuwa, wato cire ramukan, don haka a nan zan fi daɗewa. Zuba RetroPie ko Batocera, manhajojin da ke kunna tsofaffin wasanni, a memori ba zan koyar ba, wanda ya kai ga riƙe ayan ɗin dalma ya wuce nan.

Fara da kwanso. Ka nemi gem ɗin da ya riga ya mutu, wajen masu gyaran rediyo da talabijin ko 'yan gwangwan, ko ka leƙa Panteka. Mega Drive mai rai kada ka farke ta, don Allah. Tun 1988 Sega ta fito da ita, kuma masu aiki kullum raguwa suke. Kwance ƙusoshin, ɗaga tsohon fanel gaba ɗaya, amma ka adana makunni da maɓallin Reset da murfin ramin kaset. Wanke robar da ruwan sabulu da tsohon buroshi, ka shanya a inuwa. In PlayStation ta farko ce ka samu, ka sani wutar NEPA kai tsaye take shiga cikinta, akwai fanel ɗin wuta mai manyan kafasito da ke iya riƙe caji bayan an zare. Cire shi ka ajiye gefe, ba ka buƙatarsa.

Sai zaɓen fanel, kuma nan ne rabin wahalar take ƙarewa in ka yi tunani. Pi 3 da Pi 4 tsawonsu milimita 85 ne, faɗi 56. Shimfiɗarsu ba ta cika zama matsala ba. Tudun ramukan USB masu hawa biyu da na Ethernet shi ne ke hana murfi rufuwa, don ya kai wajen milimita 16. A Mega Drive ta farko da NES ta Nintendo akwai wuri, galibi fanel zai zauna yadda yake. A ƙananan kwansuna irin su PS one ko cikin kaset ne ake matsuwa. To in wurin ya matse, sayi Pi Zero 2 W, wadda ta fito a 2021, milimita 65 da 30 kawai, ko Pi 3 A+ mai ramin USB guda ɗaya kwance. A wajena wannan doka ce: wasannin Sega da Nintendo na da ba sa buƙatar Pi 4. Zafinta ya fi yawa, wuta take ci, ga tsada. Zero 2 W dala 15 aka sa mata da ta fito, Pi 3 kuwa dala 35, duk da cewa kafin su iso hannunka a nan kuɗin ya ɗaga sosai.

Kafin ka taɓa komai, haɗa fanel a kan tebur da fad, wato abin riƙewa a buga wasa, da talabijin, ka buga wasa na tsawon lokaci. Ka tabbatar kowane rami yana aiki. Sannan ka yanka kwali daidai girman fanel, ka sa a kwanso, ka jona masa kawunan kebul ɗin da za ka yi amfani da su. Mutane suna auna fanel su manta kan HDMI, alhali shi kaɗai yana cin wuri fiye da yatsa biyu. Nemi mai lanƙwasasshen kai, ko siririn nan mai kama da ribon.

In ka auna ka ga lallai sai an cire ramukan, to zauna da kyau.

Fanel ɗin Pi hawa-hawa ne, a cikinsa akwai shimfiɗar tagulla mai faɗi ta layin ƙasa. Ƙafafun ƙarfen da ke riƙe ramin USB a jikinta suke liƙe, ita kuwa tsotse zafi take yi. Ga shi dalmar da kamfani ya sa ba irin tamu ba ce, sai wajen digiri 217 take narkewa, tamu ta 60/40 kuwa tun kusan 190 ta zama ruwa. Shi ya sa ƙaramin ayan mai wat 30 zai yi ta zama a kai ba abin da ya motsa. Yaro ya gaji, sai ya sa sukundireba ya banƙara. Ƙarar da zai ji "ƙas" ita ce zoben tagullar cikin ramin ya tsinke, wani lokaci har da layin da ke can ciki wanda ba mai iya gyara shi.

Wasu kuma bulowa suke ɗauka, irin ta masu gyaran waya. Ban yarda da ita ba a hannun sabon shiga. Kewaye da ramukan akwai ƙananan kafasito da ba su kai ƙwayar gero ba, iska tana kwashe su ba ka sani ba, robar ramin sauti kuma ta narke.

Hanyar da nake bi ita ce a sadaukar da ramin a ceci fanel. Zare memori tukuna. Ɗauki ƙaramar kota mai kaifi, ka buɗe ƙarfen da ya lulluɓe ramin daga inda aka haɗe shi, ka riƙa yanka kaɗan-kaɗan kana cirewa. Kada ka murɗa, yanka kawai. In ƙarfen ya tafi, gutsuttsura robar ciki har sai ƙafafu sun rage tsaye ɗai-ɗai. A Pi 3, kowane tudun USB yana da ƙafa takwas na sigina da wuta, ban da manyan da ke riƙe jiki. Yanzu juya fanel, shafa fes, man nan da ke sa dalma ta gudana, ka ƙara sabuwar dalma a kan kowace ƙafa. Mutane suna mamakin wannan, wai ana son cirewa kuma ana ƙarawa. Sabuwar tana gaurayuwa da tsohuwar ta sauko da zafin narkewarta, kuma tana kai zafi har cikin rami. Sa ayan wajen digiri 350, da baki mai faɗi, ba mai tsini ba. Taɓa ƙafa ɗaya, ka kama ta da hantsaki ta ɗaya gefen. In ta narke da kanta za ta zame. In ka ji tana turjewa, ɗaga ayan, ƙara fes, bar wurin ya huce, ka dawo. Kada ka ja ko kaɗan. Manyan ƙafafun ka bar su ƙarshe, in ma sun ƙi fita ka yanke su daidai fanel ka ƙyale, ba abin da suke hanawa.

Ramin Ethernet haka za ka yi masa, Wi-Fi ya ishe ka. Amma ƙaramin cif ɗin da ke bayan ramukan a Pi 3 kada ka kusance shi, shi ne ke raba USB ɗin duka.

Goge wurin da sifirit, ka duba da madubin ƙara girma ko kyamarar waya ko dalma ta haɗe ƙafa biyu. Sannan ka jona waya zuwa sababbin ramukan da za ka kafa a gaban kwanso, inda fad ɗin asali yake shiga. Jerin ba ya canzawa: ja wutar 5V, fari, kore, baƙi na ƙasa. Sa mita ka gano wace ƙafa ce ta ƙasa kafin ka liƙa, kada ka dogara da hoton da ka gani. Fari da kore ka murɗe su tare, kuma kada su yi tsawo, in ba haka ba fad zai riƙa ɗaukewa ana tsakiyar wasa. Kunna a tebur ka sake gwadawa kafin ka ɗaure.

Wajen ɗaurewa, ramukan ƙusa na fanel M2.5 ne, a Pi 3 da Pi 4 tazararsu milimita 58 da 49. Kafa ginshiƙan roba da Araldite, ka ɗaure fanel a kansu. Gam ɗin kyandir ba ya jure zafin watan Maris da Afrilu a garin nan, sakin jiki yake. Haƙarƙarin robar da ya tokare ka rage shi da magagari.

Wuta: tsohuwar adaftar Sega ta haura 5V nesa, tana taɓa Pi ta ƙone ta. Pi 3 tana son 5V da amfiya 2.5, Pi 4 amfiya 3. In ka ga alamar walƙiya a kusurwar allo, wutar ta gaza, kuma sau da yawa siririn kebul ne, ba caja ba. Bi ta ramin wutar fanel ɗin. In ka ba ta ta fil na GPIO, jerin filolin da ke gefen fanel, ka tsallake fis ɗin kariya na Pi 3.

Maɓallin Reset ka kai shi fil na 5 da na 6, ka rubuta dtoverlay=gpio-shutdown a cikin fayil ɗin config.txt da ke memori. Dannawa ɗaya za ta kashe kanta lafiya, wata dannawar ta tashe ta. Yanke wuta kai tsaye yana lalata memori, kuma da yadda ake ɗauke mana wuta ba sallama, ka kwafi memorin gaba ɗaya ka ajiye a kwamfuta tun ranar farko.

Manna ƙarfen tsotsar zafi a kan babban cif, don daga digiri 80 Pi take fara rage gudu. In ka sa fanka, ta riƙa fitar da iska ta ramin kaset, ka kuma sa ɗan yanki na gidan sauro a inda iska ke shiga saboda ƙurar hunturu. A Pi 3, mai tsohuwar talabijin ya ɗauki hoto ta ramin sauti na milimita 3.5, ya sa sdtv_mode=2 a config.txt don PAL, tsarin hoton talabijin ɗinmu. Rufe murfi ba ƙusa, ka bar ta tana aiki awa guda, ka taɓa ka ji zafin, sannan ka ɗaure.